Ɗan Rakiya a Damagaram

Katin gayyatar bikin auren ta waya ya iso, Faransanci a sama, Hausa a ƙasa. Ina gani na tsara abin da zan yi: in tura gudummawa, in kira Baban Damagaram in ba shi haƙuri, shi ke nan. Shago ba ya son rufi a ƙarshen shekara. Ban da haka, tun da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe iyaka, duk wanda ka tambaya labarin hanyar sai ya ba ka na tsoro, ko da yake an buɗe ta tun Maris ɗin 2024. Da daddare na shiga ɗakin Hajiya na zayyana mata wannan tsari nawa. Tana jan carbi, ba ta ɗago ba har na kai aya. Ko karin maganar nan ta zumunci da ƙafa ba ta yi mini ba. Cewa kawai ta yi, "To, ka tura. Ni dai ka sa yaro ya kai ni tasha ranar Alhamis."

Tsohuwa ce mai shekara saba'in da ciwon gwiwa. Haka na zama ɗan rakiya.

Baban Damagaram ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, amma sai da na kai aji uku a sakandare na san haka. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ɗan Kwari ne, atamfa da shadda yake sayarwa, shi kuwa Baba yana zuwa sari daga Zinder. A shagon zauren gidanmu yake sauka, wani lokaci sati guda, ya zo mana da dabino da cuku da kilishi, ya koma da dilolin kaya. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, ta zube da rabi a dare ɗaya. 'Yan kasuwar Nijar da yawa a wannan karon suka durƙushe, don kuɗin da ke hannunsu ba ya sayen rabin abin da ya saya jiya. Ina yaro a lokacin, amma ina tuna Baba zaune a zaure ya yi tagumi, shayinsa ya huce a gabansa. Mahaifinmu ya ɗaura masa kaya kamar yadda ya saba, ba takarda, ba shaida, ya ce in ya farfaɗo ya kawo. Shekara biyu ya yi yana kawowa kaɗan-kaɗan. Daga nan abin ya tashi daga ciniki. 'Yarsa ta auta da aka haifa daga baya, sunan Hajiya aka sa mata. Ita ce amaryar.

Mun isa tashar Ƙofar Ruwa bayan asuba, hazo ya rufe gari, kowa ya ƙudundune. Na biya wa Hajiya kujerun gaba biyu don ta miƙe ƙafa, ni kuma aka cusa ni baya tsakanin wani Buzu mai rawani da wata mata mai buhun tattasai. Kayan Hajiya kuwa sai da suka jawo gardama da kamasho: akwati biyu, kwalla uku ɗaure da tsumma, da wani ƙunshi da ta hana kowa taɓawa, turaren wuta da humra ne da ta yi wata guda tana haɗawa. Sai a lokacin na gane cewa tun kafin kati ya zo ta gama shirinta.

Hanyar Daura ba ta da wani labari mai yawa. Dawanau, Dambatta, duwatsun Kazaure, nan da can ka hangi aikin layin dogon da za a kai Maraɗi. A Daura aka tsaya shan mai, Hajiya ta sayi ƙosai ta raba wa duk motar, har da direba, wanda daga nan ya koma kiranta Mama, yana rage gudu a kowane rami.

A Kongolam kowa ya sauka da katin shaidarsa a hannu. Na sha jin labarin iyaka, amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba shinge ba ne, yadda ba a ganin iyakar ne kwata-kwata. Gonar gero ta wannan gefe ita ce ta wancan gefe, karan ma iri ɗaya aka tara. Yarinyar da ke tallan gyaɗa a nan, ƙanwarta ce ke yi a can. Kaki kawai ya canza launi, allo ya koma Faransanci, jami'in da ya karɓi katin Hajiya a Ɗan Barto ya dube ta ya ce, "Inna, ina zuwa da sanyin nan?" Ta ce bikin takwararta. Ya ce Allah Ya sa alheri, a kawo masa alkaki in za a dawo.

Wurin 'yan canji ne jikina ya yi sanyi. Na miƙa damin naira mai kauri, aka miƙo mini 'yan takardu da ba su cika tafin hannu ba. Jaka ɗaya ta sefa, wato dubu, ta haura naira dubu biyu nesa ba kusa ba. Hajiya ta leƙo ta ga abin da ke hannuna, ta ce a zamaninsu Baba ne ke shigowa Kano da sefa cike da jaka ya fita da 'yar naira a aljihu. Ɗan canjin ya yi dariya ya ce, "Juyi ne, Hajiya, kowa da ranarsa."

Daga Ɗan Barto zuwa Matamaye ƙasar ta ba ni mamaki. Na zo da tunanin cewa da ka tsallaka Nijar sai rairayi. Ga shi kuwa gonaki cike da gawo, kore shar a tsakiyar rani, don shi gawo da damina yake kaɗe ganye, sai kowa ya bushe shi kuma ya yi ado. Buzun da ke gefena ya ce manoman yankin da gangan suke barinsa ya tsiro a gona, ba sa sarewa, saboda gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa, dabbobi kuma su ci 'ya'yan. A bakin hanya ga rake an jingine dami-dami daga fadamun yankin Kance. A Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai, muka karya gabas. Kafin la'asar sai ga duwatsun Zinder, manya-manya, mulmulallu, wani kan wani, kamar an ajiye su da hannu za a dawo a ɗauka.

A tasha na yi abin kunyar farko. Jikokin Baba sun zo da mota sun ɗauki Hajiya da kaya, wuri ya ƙare, na ce su je zan biyo su a kabu-kabu, haka suke kiran ɗan acaɓa. Da muka isa na ce nawa, ya ce hamsin. Na lalubo ƙwandala mai lamba 50 na ba shi, har ina jin daɗin arahar garin. Ya juya ta a tafin hannu, ya dube ni, ya ce, "Alhaji daga Kano ko?" Ashe su da dala suke lissafi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. Hamsin ɗinsa 250 ke nan a rubuce. In an ce maka ɗari, 500 ake nufi. Lambar da ke jikin kuɗin daban, abin da baki ke faɗa daban. Samarin da ke zaune a ƙofar gida suna shan shayi sun ga komai, kuma kafin magariba labarin ya shiga har cikin gida wurin mata.

Gidan a Zango yake, tsohuwar unguwar fatake, inda ayarin raƙuma ke sauka a da in sun taso daga Agadas za su Kano. Baba yana zaure a kan buzu. Rabona da shi tun rasuwar mahaifinmu, shekara shida, lokacin da ya zo ya yi kwana bakwai yana karɓar gaisuwa tare da mu kamar shi ne babban wa. Ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna bai saki ba, yana shafa bayansa da babban yatsa. Ya ce, "Muryar ce dai. In na rufe ido sai in ce shi ne." Da Hajiya ta shigo suka gaisa daga nesa, ta tambayi jiki, ya ce an kai shi likita sau biyu bana, wato asibiti, amma da sauƙi. Daga nan duk suka yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara neman abin da zan ce, sai na lura ba su bukata.

Ranar Juma'a ba ni da aiki, mata na can suna fama da lalle, sai samarin gidan suka ja ni yawo. Su ne masu fadar ƙofar gida. Fada a can ba ta sarki kaɗai ba ce, duk inda samari suka kafa benci da butar shayi sunanta fada, kowace da sunanta da shugabanta. Shayin hawa uku ne, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma ba a tashi sai an sha na uku. A nan suka buɗe mini wuta. Wai mun yanke musu lantarki lokacin takunkumi, sun kwana a duhu saboda mu. Na ce ni ma a Kano duhun nake kwana, ban san wa ya yanke mana ba. Wani ya ce ai dama tun kaka da kakanni Kanawa tsoronsu suke, sarkinsu Ahmadu Kuren Daga har Gezawa ya kai yaƙi zamanin Sarki Alu. Na ce ya kai Gezawa, amma wa ya gan shi a Kurmi? Aka bushe da dariya, aka ƙara mini shayi.

Sun kai ni Birni, tsohon gari mai lunguna, inda har yanzu akwai gidajen ƙasa masu zane a fuska da zanko a kai, irin waɗanda a Kano siminti ya kusa cinyewa. Muka tsaya a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, dogarai zaune da jajayen riguna. Kowane yaro a garin ya san sunan Tanimu, sarkin da ya kewaye birnin da ganuwa ya kuma sa aka ƙera masa igwa a nan cikin gari, ya rasu a 1884. Ganuwar yanzu sai guntaye. Suka nuna mini barikin da Faransawa suka gina a kan tudu bayan sun ci garin a 1899, shekara guda bayan an kashe musu wani kyaftin mai suna Kazamaju a nan. Abin da suka fi nanatawa shi ne nan ne babban birnin Nijar kafin a mai da shi Yamai a 1926. Yadda suke faɗar abin, ka ce bara aka yi musu ƙwacen.

Ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke hedikwatar shi ne ruwa, kuma wannan ban bukaci a ba ni tarihinsa ba. Garin a kan dutse yake zaune, daga nesa ake jawo masa ruwa. A tsakar gidan biki jarkoki ne jere sun fi talatin, 'yan ga-ruwa na shige da fice. Da safe aka kawo mini bokiti ɗaya na wanka, na yi yadda na saba a gida, na ƙarar. Daga baya na ga wani yaro ya yi wanka da buta biyu, ya tara abin da ya zuba a kwano ya kai wa tunkiya. Washegari rabin bokiti na ce a ba ni.

Daren Juma'ar bayan isha Baba ya aiko a kira ni. Na same shi shi kaɗai, da fitila da wata tsohuwar jakar fata irin aikin dukawan garin. Ya ce in zauna kusa. Ya fara lissafa 'ya'yansa mata da yatsu, su biyar da suka yi aure. Ya ce, "Duk cikinsu ba wadda na bayar da bakina. Mahaifinka ne waliyyinsu. Yayyenka mata biyu kuma ni na bayar da su a Kano, kana yaro, kana rabon goro." Na ce haka ne, Baba. Ya ce, "To saura auta. Gobe kai za ka ba da ita."

Na ce, Baba, ga ƙannenka, ga manyan 'ya'yanka da suka girme ni. Ya ce duk sun sani, tun watan jiya aka gama maganar. Na ce ban taɓa yi ba. Ya ce shi ma mahaifina ranar da ya fara bai taɓa yi ba. Sai ya buɗe jakar ya fito da wata hula zanna, ta tsufa amma a wanke take a goge. Mahaifinmu ne ya manta ta a gidan a bikin ƙarshe da ya zo. Ya ce ya so ya kai mana lokacin rasuwa, ya kasa rabuwa da ita.

Tun watan jiya. Wato Hajiya ta sani. Da na leƙa sashen mata na sa aka kira ta, hannunta duk lalle, na ce, "Hajiya, ashe da abin da kuka ƙulla." Ta ce, "Da na faɗa maka ai da ka ce shago." Ta juya ta koma.

Ban yi barcin kirki ba. Ba tsoron jama'a ne ya hana ni ba, lissafi ne. Sadakin da aka yanka jaka ɗari ne, kuma ni da ɗan kabu-kabu ya kunyata jiya, ni zan karɓi kuɗi a gaban mutane in ƙirga in ce sun cika. Na tashi babban jikan Baba da tsakar dare, muka zauna da takardun jaka goma-goma yana koya mini kamar ɗan aji ɗaya.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi daga ƙofar gida har bakin lungu. Dangin ango suka zo, shi angon mushe ne, malamin makarantar boko. Aka zaunar da ni a gaban liman, hular mahaifina a kaina, ta ɗan yi mini yawa. Baba yana bayana, gwiwarsa na taɓa bayana. Liman ya tambayi waliyyin amarya, aka nuna ni, na ji ƙus-ƙus ya ratsa taron, wasu na tambayar wane ne. Wani tsoho daga can gefe ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan Alhajin Kano ne." Sai na ji an yi "Allahu Akbar, Allah Ya jiƙan Alhaji" daga wurare da yawa, daga bakin mutanen da ban taɓa gani ba. A nan maƙogwarona ya toshe.

Wakilin ango, baffansa, ya nemi aure a madadin ɗansu. Ya miƙo sadaki. Na ƙirga takarda goma, hannuna na rawa, na sake ƙirgawa. Liman ya ce, "Sun cika?" Na ce sun cika. Ya tambayi wakilin ango ko sun ɗauki ci da sha da sutura da wurin kwana da lafiyarta, ya ce sun ɗauka. Sannan ya juyo gare ni. Abin da na kwana ina maimaitawa ya gudu, sai da na ji gwiwar Baba ta ɗan zungure ni. Na ce na ba da auren 'yata wance ga wane, a kan sadaki jaka ɗari, lakadan. Kalmar "'yata" ba ta cikin abin da na haddace, fitowa ta yi kawai. Ya ce sun karɓa. Aka shafa fatiha, maroƙi ya miƙe ya kwarara shela har lungu na amsawa, guɗa ta tashi daga cikin gida, aka shiga rabon goro da dabino da alewa.

Mutane suka yi layi suna ba ni hannu. Wani ya ce mahaifina ya taɓa biya masa kuɗin mota daga Kano da aka yi masa sane a Kwari. Wani ya ce a zaurenmu ya kwana uku lokacin da ya kai matarsa asibitin ido. Ban san ko ɗaya daga cikin labaran nan ba. A gida mun san shi mutum ne mai faɗa a kan kashe fitila da barin famfo a buɗe.

Sauran bikin na mata ne, mu dai muna jiyo kiɗa daga waje muna cin dambu da zogale da naman rago. Bayan magariba aka ce waliyyi ya shigo ya yi wa amarya faɗa kafin a kai ta. Na shiga ɗakin uwarta, turaren Hajiya ya cika ko'ina, amarya na lulluɓe tana kuka a jikin takwararta. Yarinyar da nake tunawa tana rarrafe a tsakar gidanmu. Na tsaya ban san ta inda ake farawa ba. Na ce ta yi haƙuri, ta riƙe salla, in wani abu ya dame ta ga lambata. Wata gwaggo ta ce, "Shi ke nan faɗan? Lallai Kanawa sun yi sanyi." Ɗakin ya ɗauki dariya, har amaryar sai da kafaɗarta ta motsa a cikin mayafi.

Ranar Lahadi na shirya komawa, na je in ɗauko Hajiya, na tarar ko akwati ba ta rufe ba. Ta ce ita sai an yi buɗar kai, sai ta ga ɗakin takwararta ya zauna, wataƙila sati, wataƙila biyu, jikokin Baba za su kawo ta. Gwiwar da ake lallaɓawa a Kano, jiya an gan ta a tsakiyar fili. Aka haɗa ni da kwalla biyu na alkaki da nakiya, da ƙunshin kilishi, da dogon burodin nan nasu mai kama da sanda har guda shida, wai na yara. Na cire hular zan mayar wa Baba, ya ce in ajiye, akwai jikoki mata goma sha ɗaya a gidan.

A Ɗan Barto na nemi jami'in nan ban gan shi ba, na bar wa abokan aikinsa alkakinsa. Lahadi ce ranar kasuwar Mai'aduwa, hanya ta cushe da motocin shanu da raƙuma, muka yi fiye da awa muna tafiyar hawainiya. A cikin wannan cunkoson wayata ta kama layin gida, saƙonni suka yi ta shigowa, yawanci na yaron shago ne. A ƙarshensu akwai saƙon murya daga wata lambar Nijar da ban sani ba. Na kara a kunne, hayaniyar shanu ta hana ni ji, na toshe ɗaya kunnen.

"Baba, ina wuni. Ni ce. An ce kun tafi ban yi muku sallama ba. Don Allah in Inna za ta dawo, a aiko mini da irin turaren nan, ƙawayena duk sun kwashe."

Sai da na sake saurara daga farko kafin na tabbata da ni take.